Wadda ba ta da ƙofa: tarihin jinyar mata masu taɓin hankali da shan ƙwaya a ƙasar Tasawa da Mayahi

Hausa tana da suna ga macen da hankalinta ya gushe, tana kuma da suna ga wadda ke shan abin da ke gusar da hankali. Ta farko ana ce mata mai taɓin hankali, ko a ce iska ta buge ta, in abin ya yi tsanani kuwa a ce mahaukaciya. Ta biyu ana ce mata ƴar ƙwaya. Kowane suna da hukuncin da ke biye da shi: mai taɓin hankali ana tausaya mata, dangi su haɗa kuɗi su shiga nema mata magani, ƴar ƙwaya kuwa ana zarginta, a ɓoye zancenta, wani lokaci takardar saki ce maganin farko da ake ba ta. Abin da harshen bai tanada ba shi ne sunan macen da ta haɗa biyun, wato wadda ciwon zuciya ko firgici ya kai ta ga ƙwaya, ko wadda ƙwaya ta tono mata ciwon da ke kwance, har abubuwan biyu suka sarƙe ba a iya cewa wanne ya riga wanne.

Ba Hausa kaɗai ke da wannan giɓi ba. Faransanci, wanda muke koyar da shi a aji ɗaya da Hausa, ya raba aliéné da toxicomane, ya ba kowanne dokarsa: ta 30 ga Yuni 1838 ga masu taɓin hankali, ta 31 ga Disamba 1970 ga masu shan ƙwaya. Fiƙihu ma ya raba su tun da daɗewa, domin mahaukaci an ɗauke masa alhakin aikinsa har ya warke, mashayin giya kuwa a mazhabar Malikiyya haddinsa bulala tamanin. Ke nan duk inda aka waiga, ƙofa biyu aka gina, ɗaya ta jinƙai ɗaya ta horo, kuma macen da muke magana a kanta tana tsaye a tsakaninsu. Yadda aka yi ta tsinci kanta a wurin shi ne abin da wannan rubutu zai bi diddiginsa, a ƙasar Tasawa da Mayahi.

Gundumomin biyu suna cikin jahar Maraɗi, kuma ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu fiye da mutum rabin miliyan a kowacensu. Ƙasa ce ta jigawa da hatsi da wake da gujiya, Gulbin Kaba ya ratsa ta da goribarsa, wadda mata ke saƙa tabarmi da igiya da kabarta. Binciken lafiyar al'umma na wannan shekarar ya nuna cewa macen jahar Maraɗi tana haihuwar ƴaƴa fiye da takwas a rayuwarta, kuma kusan tara cikin goma na ƴan mata ana yi musu aure kafin su cika shekara 18. Mai karatu ya riƙe waɗannan alƙaluma, domin galibin cututtukan hankali na mata a nan suna zagaye ne da aure, da ciki, da jego, da mutuwar ɗa.

Kafin zuwan Nasara, macen da hankalinta ya rikice tana da inda za a kai ta, kuma wurin a hannun mata yake. Bayan Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautarta na dauri ya yi ƙaura zuwa arewa, ya kafu a Maraɗi wajen 1819 a zamanin Ɗan Kasawa, wani reshensa kuma ya zauna a Tasawa. Gobirawa su ma suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Waɗannan sarautu sun taho da wani muƙami da Daular Sakkwato ta kawar a nata ɓangaren: Iya a wajen Katsinawa, Inna a wajen Gobirawa. Mace ce ƴar gidan sarauta, ita ke shugabantar ƴan bori, ita kuma ke da iko a kan mata masu zaman kansu, tana sasanta rigingimunsu, tana karɓar abin da aka aza musu. Idan aka lura, rukunin mata biyu da yau aka fi ƙyama, wato masu iska da waɗanda suka fita daga aure, a wancan zamani suna da uwa guda a fada, wadda sarki kansa ke jin maganarta.

Jacqueline Monfouga-Nicolas, wadda ta zauna da ƴan borin Maraɗi ta kuma wallafa littafinta a 1972, ta nuna cewa mata ba sa shiga bori don nishaɗi. Ciwo ne ke kai su: rashin haihuwa, mutuwar ƴaƴa a jere, zaman aure da ya ƙi daɗi, jiki da ke ramewa ba a san dalili ba. Idan magungunan gida sun gaza sai a ce a yi girka. Ana keɓe marar lafiya kwana bakwai ko fiye a gidan mai girka, ana ba ta jiƙo da turare, ana kiɗa mata goge har iskar da ke damunta ta bayyana sunanta. Daga ranar ta zama goɗiyar wannan iska, ta san abin da iskar ke so da abin da take ƙi, ta kuma samu ƴan'uwa da za su zo mata suna da biki da gaisuwar mutuwa har ƙarshen ranta. Ko mutum bai yarda da iskoki ba, ya kamata ya ga abin da wannan tsari ya ƙunsa. Bai tambayi marar lafiya laifin wa ne ba, tun da an riga an ɗora laifin a kan Doguwa ko Sarkin Rafi. Bai yi mata alkawarin warkewa a kwana uku ba, sai dai ya koya mata zama da abin da ke tare da ita. Kuma bai sallame ta ita kaɗai ba. Masu jinyar shaye-shaye a Turai da Amurka sun daɗe suna lalube kafin su isa ga waɗannan abubuwa uku.

Kada kuma a ɗauka wancan zamani aljanna ne. Girka tana da tsada, akuya da zane da kuɗin makaɗa, kuma mijin da ba ya so ya biya yakan bar matarsa a yadda take. Mai farfaɗiya ba ta warkewa da goge. Wadda ta yi duka ko ta nemi shiga daji, mari ake sa mata a ƙafa a ɗaure ta a turke, a gidan boka ko a gidan malam ko a bayan ɗakin uwarta.

Abin sha mai juya hankali kuwa yana nan, amma yana da iyaka. Azna suna dafa giyar hatsi don bukukuwansu da tsafinsu, kuma mata ne ke dafa ta. Tsofaffi suna cusa garin taba da kanwa a leɓe, ƴan mata suna rina haƙora da furen taba da goro. Akwai kuma tsiron nan da Dalziel ya rubuta sunayensa cikin littafinsa na tsirran ƙasar Hausa a 1916, zaƙami ko haukata yaro, wanda sunansa kaɗai ya isa shaida cewa kakanninmu sun san abin sha yana iya jawo hauka. Sai dai duk waɗannan suna da lokaci da wuri da idon jama'a a kansu. Tulun giya ba ya ɓoyuwa a ƙullin zane. Ƙwaya kuwa tana ɓoyuwa, kuma wannan ɗan bambanci ya sauya kome.

A gefe guda akwai ƙofar malamai, ta rubutun sha da tofi da laya, wadda ba ta taɓa rufewa ba. Nana Asma'u ƴar Shehu, a Sakkwato, ta gane cewa ba a raba mata da bori da wa'azi kawai, sai an ba su abin da zai maye gurbinsa. Ta kafa ƴan taru, ta naɗa jajjaji tana aza musu malfa irin ta Innar Gobir, ta kuma rubuta littafi a kan neman waraka da ayoyi da addu'o'i. Ta karɓi siffar tsohuwar ƙungiyar mata ta zuba mata sabon ciki. Wannan hikima ta tsaya a kudancin iyaka, kuma waɗanda suka zo yaƙar bori a ƙasar Maraɗi bayan shekara ɗari da hamsin ba su yi koyi da ita ba.

Nasara ya shigo wannan ƙasa da wuta. A watan Yuli 1899 rundunar Voulet da Chanoine, bayan ta ƙone garuruwa tun daga bakin kogin Kwara, ta kashe Kanar Klobb a Dankori, sannan sojojinta suka kashe shugabannin nasu biyu a wajen Maijirgi, a ƙasar Tasawa. Tasawa ta zama mazaunin kwamanda har zuwa 1927, lokacin da aka mayar da mulki Maraɗi. A duk tsawon wannan zamani mahaukaci a idon mulki matsalar tsaro ne. Dokar 1838 ba ta yi aiki a ƙasashen Afirka ta Yamma ba. Wanda ya tada hankalin kasuwa sai a kulle shi a gidan kaso, ko a wani ɗan ɗaki mai ƙofar ƙarfe a bayan asibiti da suke kira cabanon. Daga Senegal har jirgin ruwa aka riƙa sa marasa lafiya tun daga 1897 ana kai su gidan mahaukata na Marseille, inda da yawansu suka mutu cikin sanyi da baƙunci. Sai a 1938 aka sa hannu a kan takardar kafa hukumar kula da masu taɓin hankali a Afirka ta Yamma, yaƙin duniya kuma ya zo ya danne ta. Mace ba ta cika shiga wannan lissafi ba, domin haukan da mulki ke gani shi ne mai ihu a bainar jama'a. Wadda ta daina magana bayan ta binne ɗanta na uku, tana zaune a ƙuryar ɗaki, ba ta dami kwamanda ba. (Sau ɗaya dai iskoki suka dame shi: a 1925, a ƙasar Kurfai, wata mata mai suna Shibo ta fara hawan sababbin iskoki masu kwaikwayon sojan Nasara, waɗanda Hausawa ke kira Babule, aka kama ta da mabiyanta aka kulle. Sunan da duniya ta san su da shi, Hauka, kalmarmu ce.)

Gab da samun ƴancin kai aka ga wani yunƙuri mai kyau a wurare biyu. A Aro, kusa da Abekuta, Dakta Adeoye Lambo ya fara tun 1954 saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyawa, kowane tare da wani nasa, galibi uwa ko inna, suna zuwa asibiti da rana. A Fann ta Dakar, Henri Collomb, wanda ya jagoranci sashen daga 1959 zuwa 1978, ya buɗe ƙofa ga dangi su kwana da majiyyacinsu, ya kuma riƙa sauraron masu maganin gargajiya. Abin da Bahaushe ya sani ne tun fil azal, cewa ba a jinya sai da mai jinya. Nijar ta samu nata sashen a babban asibitin Yamai, wanda kowa ya sani da Pavillon E, har sunan ya zama abin zolaya a bakin ƴan makaranta, daga baya kuma aka samu wani a Damagaram. To amma daga Tasawa zuwa Yamai kusan kilomita 800 ne, kuma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ƴan ƙalilan ne, mafi yawansu a babban birni. Ga macen Urafan ko ta Kanan Bakashe, sabuwar ƙofar an gina ta ne a inda ƙafarta ba ta kaiwa.

Ana cikin haka tsohuwar ƙofar ta fara rufewa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta samu karɓuwa wajen ƴan kasuwar Maraɗi da matasa a shekarun 1980, kuma ta ɗauki bori shirka tsantsa. Goge ya yi ta ja da baya zuwa ƙauyukan nesa da tsakar dare. Ruƙiyya ta maye gurbin girka a gidaje da yawa, kuma duk wanda ya koyar a makarantar ƴan mata ya ga ranar da ɗalibai suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya aka aika a kira malam. Bambancin hanyoyin biyu babba ne: girka sulhu take nema da iska, ruƙiyya korarta take yi, kuma idan an gama, marar lafiya ta koma ɗakinta ba ta da wata ƙungiya. A shekara ta 2000, da jihohin arewacin Najeriya suka fara aiki da shari'a, Zamfara a kan gaba, mata masu zaman kansu da yawa suka tsallako iyaka zuwa jahar Maraɗi. A watan Nuwamba na shekarar, zanga-zangar ƙin bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi a Yamai ta rikiɗe a Maraɗi, aka far wa mashaya da gidajen matan da ba su da aure, aka sa wuta a gidan Iya. Barbara Cooper, masaniyar tarihin Maraɗi, ta yi nazarin wannan rana. A ganina ranar ce aka rushe, a zahiri, gida guda da ya rage inda mace mai iska da mace marar miji ke da wadda za ta tsaya musu.

Gona ma ta fara kuɓucewa. Marthe Diarra Doka da Marie Monimart sun nuna a 2004 yadda ƙarancin ƙasar noma a kudancin Nijar ya sa mata da yawa suka rasa gamanarsu, wani lokaci da sunan kulle, alhali gaskiyar ita ce babu filin da za a ba su. Mazaje kuma suna tafiya biɗa, da can Kano da Legas da Libiya, daga 2014 kuma wuraren haƙar zinariya na Jado da sauransu. Matar da aka bari da ƴaƴa shida da uwar miji da rumbu rabi, ita ce daka, ita ce rijiya mai gaba talatin, ita ce itace. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ƙadangaren ya shigo ta hanyar kasuwa. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin biyan kuɗin magani a gidajen likita, sannan a Janairu 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi, maganin da ake shigowa da shi daga Faransa ya ninka tsada a dare ɗaya. Masu tallar magani a faranti da bayan keke suka cika kasuwannin ƙauye, suna sayar da ƙwaya ɗai-ɗai, ba takarda, ba tambaya. A cikin farantin nan, tsakanin maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki, tramol ya iso. Sunansa na asali tramadol, kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya fitar da shi kasuwa a 1977 don rage zafin ciwo. Wanda asibiti ke bayarwa miligiram 50 ne ko 100, kuma ba a son a wuce 400 a yini. Wanda ya mamaye kasuwanninmu, akasarinsa daga Indiya ta tashoshin ruwan Kwatano da Lome da Legas, yana ɗauke da 120, ko 200, ko 225. Ƙwaya biyu ta 225 sun riga sun haura iyaka. A 2012 Dakta Djibo Douma Maiga da abokan aikinsa sun wallafa bincike a kan yadda yara da samarin titi a Yamai ke shan sa. Indiya ba ta ƙara tsaurara dokar fitar da shi ba sai a 2018.

An saba danganta tramol da ƴan kabu-kabu da ƴan ƙwadago da masu haƙar zinariya, shi ya sa ba a cika tunanin mata ba. Amma yarinyar da aka aika sayen magi tana iya sayo ƙwaya, dillaliya mai shiga gida-gida tana iya kawo ta, kuma sunan da ake kiranta da shi a tsakar gida, maganin gajiya, ba ya tayar wa kowa hankali. Nan ne ya kamata a dakata a fahimci yadda wannan magani ke aiki, domin a cikinsa asirin matsalar yake. Tramol yana da hannu biyu. Da ɗaya yana aiki irin na dangin ofiyom, yana kashe zafin jiki. Da ɗayan yana ƙara yawan wasu sinadarai biyu na ƙwaƙwalwa, serotonin da noradrenalin, wato daidai aikin da magungunan ciwon damuwa ke yi. Saboda haka macen da baƙin ciki ya danne tun bayan haihuwa, wadda ba ta barci, ba ta jin daɗin abinci, idan ta sha don ciwon baya sai ta ji har zuciyarta ta yi sauƙi. Ba ƙarya take ji ba. Ta yi wa kanta magani ne ba tare da ta san sunan ciwonta ba, abin da likitan Amurka Edward Khantzian ya bayyana tun 1985. Bayan ƴan watanni ƙwaya ɗaya ba ta isa. Ranar da ta rasa kuwa, ga ciwon gaɓoɓi da gumi da zawo, ga kuma faɗuwar gaba da tsoro marar dalili, wasu har su riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu. In ta sha da yawa sai ta faɗi tana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san sunan da za a ba wannan faɗuwa. Za a kira malam, kuma ba wanda zai duba ƙullin zanenta.

Idan an yi sa'a an kai ta asibiti, haɗarin bai ƙare ba. Amitriptyline da fluoxetine, magungunan damuwa da aka fi samu a ƙasashe irin namu, ba sa shiri da tramol: haɗa su yana ƙara yiwuwar faɗuwa, yana kuma iya jawo zazzaɓi da karkarwa da rikicewa mai halakarwa. Ma'aikacin da ya gane damuwar bai tambayi ƙwayar ba, zai iya cutar da ita da kyakkyawar niyya. Wanda ya gane ƙwayar ya ce ta daina kawai, ya mayar da ita ga ciwon da ya kai ta can, ba tare da sandar da take dogarawa ba. Mai ciki kuwa abin ya shafi rai biyu, domin jaririn yakan fito da alamun rashin ƙwayar, yana kuka marar yankewa, ya ƙi kama nono. Wannan shi ne dalilin da ya sa ciwon biyu ba sa jinyuwa a rarrabe.

Abin da ya faru a ƙetaren iyaka ya nuna girman lamarin. A Afrilu 2018 BBC ta nuna fim a kan shan maganin tari mai kodin a Najeriya, inda aka ga ƴan mata da matan aure a cikin masu sha, gwamnati kuma ta hana haɗa shi da shigo da shi nan take. Binciken da aka fitar a Janairu 2019 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta masu sha miliyan 14.3 a ƙasar, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, alhali a wuraren jinya mata ba su wuce ɗaya cikin ashirin ba. Ina sauran suke? Wani ɓangare na amsar ya fito a Satumba da Oktoba 2019, lokacin da ƴan sanda suka fasa gidajen mari a Kaduna da Daura da Zariya, suka fito da ɗaruruwan mutane da sarƙa a ƙafa, har da mata a wasu gidajen. Iyaye ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, don ba su ga wata ƙofa ba. Rahoton duniya na 2024 ya ce a cikin mata masu ciwon shaye-shaye ɗaya cikin 18 ce ke samun jinya, a maza kuwa ɗaya cikin 7. Hausawa sun ce tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta, kuma gidaje da yawa sun gwammace a ce ƴarsu aljanu gare ta da a ce tana sha, domin mai aljanu tana iya samun miji.

Ƙasashe masu arziki ma sun daɗe a cikin wannan ruɗu. A Amurka, har shekarun 1980, asibitin ƙwaƙwalwa yakan ce wa mai sha ya je ya daina tukuna, gidan jinyar mashaya kuma ya ce ba ya karɓar mai shan maganin hauka. Binciken da Darrel Regier da abokansa suka wallafa a 1990 ya nuna cewa kashi 53 cikin ɗari na masu ciwon shan ƙwaya suna da wani ciwon hankali, haka ma kashi 37 na masu ciwon shan giya. Ashe wanda aka ɗauka baƙo shi ne mai gida. Daga nan Robert Drake da wasu suka tsara jinya ta haɗe, wato ma'aikata guda, a wuri guda, su kula da ciwon biyu a lokaci guda. Game da mata kuma aka gano abu na uku da ke ƙarƙashin biyun, shi ne duka da fyaɗe da cin zarafi tun ƙuruciya. Tsakanin 1998 da 2003 an bi mata 2,729 a wurare tara, aka gwada jinyar da ke la'akari da wannan rauni. Sakamakon bai kai yadda masu shirin suka yi fata ba, amma ya nuna sauƙi a alamun firgici da damuwa, kuma kuɗinsa bai fi na tsohuwar hanya ba. An kuma lura cewa abin da ke hana mace zuwa jinya sau da yawa ba shi da alaƙa da magani: wa zai riƙe mata yara, kuma za a ƙwace mata su in ta faɗi gaskiya? Macen Mayahi ta san wannan tsoro fiye da ta Boston, tun da a al'adarmu in aure ya mutu ƴaƴa na uba ne.

Ba za a gina Pavillon E a kowace gunduma ba, kuma ba na jin shi ne abin buƙata. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP, ta bi shi da littafin jagora a 2010, don ma'aikacin jinya na ƙaramin gidan likita ya iya gane damuwa da hauka da farfaɗiya da shaye-shaye, duka a littafi ɗaya, ya yi maganin abin da zai iya, ya tura sauran gaba. Tasawa da Mayahi kowace tana da asibitin gunduma da gidajen likita a karkara. Tun 2006 awon ciki da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar suna cikin abin da gwamnati ta ɗauke wa jama'a kuɗinsa, ko da yake biyan gidajen likita kuɗin ya sha yin jinkiri. Ma'anar wannan ita ce akwai wuri ɗaya da macen ƙauye ke zuwa da izinin mijinta, ba tare da kowa ya tambaye ta dalili ba, ta kuma zauna gaban wata mace: ɗakin awo. Ungozomar da ke auna cikinta tana tambayarta ko ƙafarta na kumbura, ko tana ganin jiri. Ƙara tambaya biyu, yaya barcinki, kuma me kike sha in gajiya ta yi yawa, ba ya buƙatar gini ko mota. Yana buƙatar a rufe ƙofa, uwar miji ta jira a waje, kuma amsar ta tsaya a ɗakin.

Abin da ke biyo bayan amsar shi ne mai wuya. Tramol ba a yanke shi rana ɗaya ga wadda ta daɗe tana sha, ana rage shi ne sannu a hankali cikin makonni, mai ciki kuwa sai da kulawar likita. Maganin damuwa yana ɗaukar mako biyu zuwa huɗu kafin a ji amfaninsa, kuma ana son a ci gaba da shi watanni bayan an samu sauƙi, abin da ke nufin kada ya yanke a kantin asibiti, kamar yadda magunguna da yawa suka yanke lokacin da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Yuli 2023. A cikin waɗannan makonni dole wata ta ɗauke mata daka da rijiya, domin aikin da ya sa ta fara sha yana nan yana jiranta. A da, ƴan'uwanta na bori ne ke yin wannan. Yau matan da ke taruwa kowane mako a ƙauyukan jahar su ne na makarantun Islamiyya da na asusun Mata Masu Dubara, wanda aka fara a nan jahar Maraɗi a 1991 kafin ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Suna da shugaba, suna da akwati, suna da ranar zama, kuma sun san wace ce a cikinsu ta daina fitowa tun bayan arba'in.